Zakarun damben ajin masu nauyi: ina gwanintar kowa, ina kuma rauninsa?

Malam Habu Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daren da Oleksandr Usyk ya kai Daniel Dubois ƙasa sau biyu a turmi na biyar a filin Wembley, cikin watan Yulin 2025, nake son mu zauna mu auna manyan 'yan damben ajin masu nauyi da ma'auni guda, domin na lura yawancin gardamarmu a nan kan tsaya ne a kan wanda ya fi naushi mai zafi. Ni a ganina zafin naushi ba ya raba gardama a wannan aji, tunda duk ƙaton da ya haura kilo 100 yana iya sumar da ɗan uwansa idan ya same shi a haɓa. Abin da nake dubawa shi ne abin da mutum ke yi bayan an gano lagonsa ana tsaka da dambe.

Ku dubi karawar Usyk da Tyson Fury ta farko a Riyad, ranar 18 ga Mayun 2024. Fury ya fi shi tsawo da santimita 15, ya kuma fi shi nauyi da kusan kilo 18. Daga turmi na huɗu zuwa na shida Fury ne ke riƙe da wasan, yana dukan ciki, yana ɗaga masa haɓa da naushin da ke tasowa daga ƙasa, har na ce a raina an gama da ɗan Yukren. Amma Usyk bai fasa matsowa ba, ya ci gaba da ajiye ƙafarsa ta dama a wajen ƙafar hagun Fury kamar yadda bahago gwani ke yi, yana tilasta masa motsi ba hutu. A turmi na tara ya same shi da hagu, Fury ya yi ta tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan har alƙalin wasa ya yi masa ƙirge. Alƙalai biyu suka ba Usyk, ɗaya 115 da 112, ɗaya 114 da 113, na ukun ya ba Fury 114 da 113. Da babu wannan ƙirge, da kunnen doki aka tashi. Saboda haka nake cewa a wannan zamani babu wanda ya kai Usyk, kuma ina son jin hujjar duk wanda yake da ja.

Nura Fagge:
Wa alaikumus salam Malam. Ba ni da ja a kan gwanintar Usyk, amma ban yarda a rage darajar naushi haka ba. Deontay Wilder ya riƙe kambun hukumar damben duniya ta WBC daga 2015 zuwa 2020, ya kare shi sau goma, alhali kowa ya san ƙafafunsa ba su da tsari, kuma idan ya yi wurgi da hannu har baya yakan bayar. A karawarsa ta biyu da Luis Ortiz a 2019, duk alƙalan uku sun sa Ortiz a gaba, shi kuwa turmi shida yana ta laluben hanya, sai a na bakwai ya sake dama guda ɗaya tak, magana ta ƙare. A karawarsa ta farko da Fury a 2018 nauyinsa bai kai kilo 100 ba, amma sau biyu yana kai ƙaton ƙasa. Duk wanda ya saba zuwa gidan dambenmu na gargajiya ya san irin wannan mutum: hannu ɗaya ne a ɗaure, ɗayan garkuwa ne kawai na auna tazara, kuma idan ɗaurarren ya sauka sai kisa. Wilder da hannu ɗaya ya ci abinci shekara biyar.

Malam Habu Zariya:
Nura, misalinka ya yi kyau, sai dai ni yake goya wa baya. A damben gargajiya da zarar mutum ya taɓa ƙasa an kashe shi, an tashi. A damben zamani kuwa yana da ƙirge goma, kuma a wancan karo na farko da Wilder, Fury ya tashi a turmi na 12 a Los Angeles bayan kowa ya fitar da rai. Daga nan ya gane cewa Wilder ba ya iya dambe yana ja da baya. Ya sauya mai horarwa, ya koma wurin SugarHill Steward, ya ƙara nauyi, a Fabrairun 2020 ya riƙa bin sa yana danne shi da jiki har kusurwar Wilder ta jefa tawul, alamar miƙa wuya, a turmi na bakwai. Me Wilder ya sauya bayan haka? Zuciya ya nuna a karo na uku, wannan ba a musu, ya ma kayar da Fury sau biyu a turmi na huɗu, amma dabarar ita ce dai ta jiya. Joseph Parker ya hana shi saitin damar nan turmi 12 a 2023, Zhilei Zhang kuma ya gama da shi a turmi na biyar a 2024.

Alhaji Garba:
'Ya'yana, na karanta abin da kuka rubuta, kuma ku ba ni dama in mayar da ku baya kaɗan, domin wannan gardama ta girme ku. Ina saurayi ina koyon ɗinki aka yi damben Kinshasa, ranar 30 ga Oktoban 1974. Da asuba aka yi shi, mu kuwa labarin ya iske mu da safe a rediyon maigidana, wadda ke rataye a jikin ƙusa kusa da keken ɗinki. Ina tuna ya ajiye almakashi ya tafa hannu, domin tun mako guda kafin nan yake cewa yana jin tsoron kada a illata Muhammad Ali.

Tsoron nasa yana da dalili. George Foreman yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa doke shi ba, 37 daga ciki bugun kwaf ɗaya ne. Ya kai Joe Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu a Jamaika, ya gama da Ken Norton shi ma a turmi na biyu, kuma waɗannan biyun kowannensu ya taɓa doke Ali. Shi kuwa Ali yana da shekara 32, ƙafafun nan da yake rawa da su kafin a dakatar da shi a 1967 sun yi nauyi. Da ya ga ba zai iya zagaye fage turmi 15 a gaban mai iya tare hanya irin Foreman ba, sai ya jingina da igiya, ya rufe fuska, ya bar shi yana ta jibgar hannuwa da haƙarƙari, shi kuma yana tsikarar sa da dama a duk lokacin da ya ga kafa. A turmi na takwas Foreman ya zama kamar mai ɗauke da buhu a kowane hannu, Ali ya fito daga igiya ya kwantar da shi.

Amma kada ƙaunar da muke yi wa Ali ta hana mu faɗin gaskiya. Yana da rauni bayyananne, wato sakin hannuwa ƙasa da kauce wa naushi ta hanyar jan kai baya, kuma naushin hagu mai zuwa ta gefe ya sha samun sa. Da shi Henry Cooper ya kayar da shi a Landan a 1963, da shi Frazier ya kayar da shi a turmi na 15 a 1971. Lokacin ƙuruciya sauri ne ke rufa masa asiri, da sauri ya tafi sai ya koma dogaro da juriyar haɓa, kuma dukan da ya sha a shekarun ƙarshe, musamman a Manila a 1975 da hannun Larry Holmes a 1980, abu ne da har yau ba na son sake kallo. Ina tare da Habu a kan darajar sauya dabara, sai dai ina tunatar da shi cewa wani sauyin da jiki ake biyan kuɗinsa.

Bilkisu Kaduna:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni Anthony Joshua nake son a yi wa adalci, domin na ga tun da aka fara ba wanda ya ambace shi, kamar bai taɓa riƙe kambu uku ba. Mutumin nan sai da ya kai shekara 18 ya fara dambe, cikin shekara biyar ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. A Afrilun 2017, gaban mutum 90,000 a Wembley, Wladimir Klitschko ya kai shi ƙasa a turmi na shida, numfashinsa ya ƙare sarai, amma ya lallaɓa ya farfaɗo ya gama da Klitschko a turmi na 11 da wani naushin ƙasan haɓa da har yau ake nunawa. Kuma idan sauya dabara ne ma'aunin Malam Habu, to ai bayan Andy Ruiz ya doke shi, cikin wata shida ya rage nauyi, ya koma dambe daga nesa, ya karɓe kambunansa a Saudiyya. Me ya sa wannan ba ya shiga lissafi?

Nura Fagge:
Yaya Bilkisu, daren Ruiz na farko ba zai fita daga raina ba. Goman ƙarshe ce ta azumin 2019, da yake a New York aka yi, sai ya faɗo mana daidai lokacin sahur. Muna zaune a gidan kallo, kowa da ledar abincinsa a gaba, mai gidan ya rage ƙarar talabijin saboda maƙwabta. Da Joshua ya kayar da Ruiz a turmi na uku wasu har sun fara neman takalmansu. Kafin su kai ƙofa Ruiz ya tashi ya same shi da hagu a gefen kai, kusa da kunne, daga nan ƙafafun Joshua ba su sake dawowa daidai ba har aka tsayar da wasan a turmi na bakwai bayan ya faɗi sau huɗu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya manta da kofin kununsa har aka kira salla.

Abin da na gani a daren nan shi na sake gani a Satumbar 2024 a karawarsa da Dubois. A turmi na biyar ya girgiza Dubois da dama, ya ruga zai ƙarasa, ya buɗe haɓa yana shirin ɗago naushi daga ƙasa, sai gajeriyar dama ta riga shi isa. Shekara biyar tsakani, kuskure iri ɗaya. Lokacin da ya fi zama cikin haɗari shi ne lokacin da ya ga abokin karawarsa ya jigata.

Malam Habu Zariya:
Malama Bilkisu, yana shiga lissafi, amma akwai bambanci tsakanin gyaran da ake yi a sansanin horo cikin wata shida da wanda ake yi cikin minti ɗaya na hutu tsakanin turmi da turmi. Joshua ɗalibi ne mai ƙwazo, idan aka tsara masa hanya yana bi. Sannan kada mu manta Ruiz ya zo karo na biyu da ƙarin kusan kilo bakwai, shi da bakinsa ya amsa cewa bai yi horo yadda ya kamata ba. Matsalar Joshua tana fitowa ne idan tsarin ya rushe a tsakiyar fage. A karonsu na farko da Usyk a 2021 ya zaɓi ya yi gasar dabara da mutumin da ya yi damben masu tasowa sama da 300 kafin ya zama ƙwararre, ya ajiye girman jikinsa bai yi amfani da shi ba. A Jidda a 2022 ya gyara, ya yi ta dukan ciki, a turmi na tara ya takura Usyk ƙwarai. Sai Usyk ya fito a turmi na goma kamar yanzu aka fara, shi kuwa Joshua ya riga ya zuba duk abin da ke tulunsa. Ina ganin tsokar da ke jikinsa tana cin iska da yawa, kuma fara dambe a makare ya sa har yau tunani yake yi kafin ya motsa.

Sani Garwa:
Gaisuwa ga manya. Daga nan Kamaru nake bin wannan muhawara, kuma akwai abin da ya tsaya mini game da Fury. Francis Ngannou namu bai taɓa yin damben zamani na ƙwararru ba kafin Oktoban 2023, daga fagen damben da ake haɗawa da kokawa da shuri ya fito, amma ya kai Fury ƙasa a turmi na uku da hagu, alƙali ɗaya ma shi ya ba nasara. Bayan wata huɗu da ɗoriya Joshua ya sumar da Ngannou a turmi na biyu. Idan aka bi wannan lissafi, ai Joshua ya fi Fury ke nan, ko kuwa?

Alhaji Garba:
Sani, wannan lissafi ba ya aiki a dambe, kuma misalin da na kawo ɗazu ya isa shaida: Frazier ya doke Ali, Foreman ya ragargaza Frazier, Ali ya kwantar da Foreman. Kowane salo da maganinsa. Babban makamin Fury shi ne ya jingina nauyinsa a kan mutum, ya rungume, ya danna wuya har ƙafafu su mutu, to Ngannou ya fi shi sanin riƙo, saboda haka makamin ya tashi a banza. Joshua kuwa ba ruwansa da runguma, dama yake saki miƙaƙƙiya ta tsakiya, Ngannou kuma ba ya kawar da kai.

Fury yana da abin da ban taɓa gani ba a jikin mai tsawon mita 2.06, wato laushin ƙugu da iya yaudara da kafaɗa. Da wannan yaudara ya daskarar da Klitschko a Jamus a 2015, har zakaran da ya shekara tara yana mulki ya kasa sakin hannu. Rauninsa kuwa biyu ne. Yana raina abokin karawa idan ya ga kamar ba ajinsa ba ne, kuma masu ƙaramin jiki da sauri sun fi ba shi wahala fiye da ƙatti. Tun a 2013 Steve Cunningham, wanda shi ma daga ajin ƙasa ya hauro kamar Usyk, ya kai shi ƙasa a New York. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Nura Fagge:
To Baba, tunda an shiga tarihi, ina matsayin Mike Tyson? Yana da shekara 20 ya zama zakara a 1986, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a 1988. Ni ban ga wanda zai tsaya a gabansa a wancan lokaci ba, har da Usyk.

Alhaji Garba:
Tyson na 1986 zuwa 1988 abin tsoro ne, kuma mutane suna mantawa cewa kariyarsa ta kai naushinsa kyau. Tsawonsa mita 1.78 ne kawai, sai mai horar da shi Cus D'Amato ya koya masa manna safar hannu a kumatu da kaɗa kai hagu da dama yana shigowa, ta yadda gajartar ta zama riba. Da D'Amato ya rasu a 1985, ya kuma rabu da ɗayan mai horar da shi Kevin Rooney a 1988, kan ya daina kaɗawa, ya koma neman naushi guda. Buster Douglas ya nuna hanya a Tokyo a 1990: dogon hannun gaba a fuska, rashin tsoro, da riƙe shi idan ya matso. Evander Holyfield ya bi ta a 1996 ya ƙara da tura shi baya, Lennox Lewis ya bi ta a 2002. Abin da nake riƙe da shi a kansa shi ne ban san wani babban dambe da aka kai shi ƙasa ya tashi ya ci ba.

Bilkisu Kaduna:
Tunda an ambaci Lewis, ina son Malam Habu ya amsa wannan da gaskiya, domin ya yi ta auna kowa bai auna nasa gwanin ba. Usyk yana da rauni a ciki, kowa ya gani. A Poland a 2023 Dubois ya durƙusar da shi a turmi na biyar da naushin da alƙalin wasa ya ce ya sauka ƙasa da ɗamara, aka ba shi mintuna ya huta, kuma har yau akwai masu ganin naushin halal ne. Derek Chisora ma ya takura shi a turmin farko-farko a 2020 da matsi kawai. Sannan zuwa karonsa na biyu da Dubois, dambe takwas kacal ya yi a wannan aji, shida daga ciki da mutum uku ne. Joe Louis ya kare kambu sau 25. Lewis yana da tsawon mita 1.96, yana da hannun gaba mai nauyi, yana da naushin ƙasan haɓa irin wanda Fury ya girgiza Usyk da shi, kuma ba ya wasa a fage irin na Fury. Yaya Usyk zai yi da shi?

Malam Habu Zariya:
Tambayar ta yi nauyi Malama, kuma ba zan kauce mata ba. Na yarda cikin Usyk shi ne ƙofar da ta fi sauƙin ƙwanƙwasawa, na kuma yarda yawan damben da ya yi a ajin bai kai na magabata ba, shi ya sa tun farko na ce a wannan zamani. Sai dai duk wanda zai daki cikin bahago mai motsi dole ya sunkuyar da hannu ya buɗe fuska, kuma Joshua da Fury da Dubois kowannensu ya samu karo na biyu, ya zo da sanin wannan ƙofa, amma babu wanda ya ci. Fury a Disambar 2024 ya sha kaye 116 da 112 a katin duk alƙalan uku.

Game da Lewis kuwa, shi ne mutumin da nake jin zai fi ba Usyk wahala a duk waɗanda muka ambata, kuma dalilina shi ne shi ma mai gyara ne. Oliver McCall ya kwantar da shi a 1994, Hasim Rahman ya kwantar da shi a Afirka ta Kudu a 2001, dukansu da dama guda a lokacin da ya yi sakaci, kuma dukansu ya rama. Mai horarwa Emanuel Steward ya gyara masa tsayuwa, ya mayar da hannun gabansa makami. Shi dai wannan Steward ne ya karɓi Wladimir Klitschko a daidai shekarun da aka tsayar da shi har sau uku, ya gina masa salon da ke ɓoye haɓarsa. Mu a Najeriya mun ga amfanin wannan gyara a jikin namu, domin Samuel Peter ya kai Wladimir ƙasa sau uku a 2005 amma ya sha kaye da maki, saboda tsakanin faɗuwa da faɗuwa hannun gaban Wladimir ne ke cin turmi. Peter ya ci kambun WBC a Maris na 2008, kafin shekarar ta ƙare Vitali Klitschko ya karɓe shi da dogon hannu, ba tare da Peter ya samu matsowa ba.

Idan Lewis ya samu Usyk a turmi shida na farko, ina ba Lewis. Idan aka wuce na takwas ina ba Usyk, domin Lewis ya nuna gajiya a gaban Ray Mercer a 1996, kuma Holyfield, wanda girmansa kusan ɗaya da na Usyk, ya kai shi turmi 12 har sau biyu a 1999.

Alhaji Garba:
Habu, a nan na rabu da kai. Holyfield a gaban Lewis yake tsayawa, shi ya sa hannun gaba ya yi ta samun sa, amma ka manta cewa a karon farko na Maris 1999 kusan duk wanda ya kalla ya san Lewis ne ya ci, alƙalai ne suka ce kunnen doki. Kai wa turmi 12 ba shi ne cin dambe ba. Kuma Lewis yana da abin da Fury bai yi ba a turmi na shida a Riyad: idan ya ga mutum ya ji zafi ba ya tsayawa yin wasa da 'yan kallo, ƙarasawa yake yi. Ka koma ka kalli yadda ya yi da Rahman a karo na biyu, hagu ta share hanya dama ta biyo a turmi na huɗu, sannan ka sake kallon turmi na shida na Fury da Usyk ka sa Lewis a wurin Fury. Ni Lewis nake ba, kafin turmi na takwas.